Sabon gida, sabuwar kasuwar lantarki: Abin da Texas ke koya wa jihohin Najeriya

Tun daga watan Yunin 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanya hannu kan sabuwar Dokar Wutar Lantarki, jihohin Najeriya ke karɓar ragamar kula da harkar wuta a cikin iyakokinsu daga hannun Hukumar Kula da Wutar Lantarki ta Ƙasa, NERC. Enugu da Ekiti da Ondo ne suka fara a 2024, sannan Imo da Oyo da Edo da Kogi da Legas da Ogun da Neja da Filato suka bi sahu. Hujjar da ake bayarwa kusan ɗaya ce a ko'ina: idan aka sakar wa kasuwar mara, masu zuba jari za su shigo, gasa za ta ƙaru, wuta ta wadata, farashi kuma ya daidaita.

An fi tattauna wannan batu da harshen megawat da tiriliyoyin naira. Amma akwai ranar da ta fi sauƙin auna kowace irin kasuwar lantarki, wato ranar da mutum ya karɓi makullin sabon gida. Ma'aikacin gwamnati da aka yi wa sauyin wurin aiki daga Kano zuwa Minna, ko ɗan kasuwar da ya kama haya a Lokoja, tambayoyinsa a wannan rana ba su da yawa: wa zai ba shi wuta, nawa zai biya, bashin wa zai tarar a kan mita, kuma wa zai kai wa kuka idan aka cuce shi.

Jihar Texas ta Amurka ta shafe fiye da shekara 20 tana amsa waɗannan tambayoyi a kasuwar da aka buɗe har zuwa ƙofar gida. Houston, birni mafi girma a jihar, yana cikin biranen Amurka da 'yan Najeriya suka fi yawa, saboda haka akwai iyalai da dama da suka ga tsarin da idonsu. Abin da ke faruwa da sabon mai gida a can ya isa madubi ga jihohin da ke shirin bin irin wannan hanya.

Yadda aka rarraba kasuwar

A 1999 ne Gwamna George W. Bush ya sanya hannu kan dokar da ta sake fasalin harkar lantarki a Texas, kuma gasar sayar wa gidaje wuta ta soma aiki a ranar 1 ga Janairun 2002. Dokar ta raba aikin da kamfani ɗaya ke yi a da zuwa gida uku. Akwai masu samar da wuta daga iskar gas da iska da rana da kwal da nukiliya. Akwai kamfanonin waya, waɗanda suka mallaki turaku da wayoyi da taransfoma da mita. Sai kuma dillalai, masu sarin wuta a babbar kasuwa su sayar wa gidaje da shaguna.

Gasar tana tsakanin masu samarwa da kuma tsakanin dillalai. Kamfanin waya kuwa ba shi da kishiya a yankinsa. Wanda ya sauka a Houston wayar CenterPoint ce za ta kai masa wuta, wanda ya sauka a Dallas ta Oncor ce, ko da wane dillali ya zaɓa. Hukumar jihar mai suna PUCT ce ke amincewa da kuɗin da kamfanin waya zai caza, kuma kuɗin ɗaya ne ga dukkan dillalan yankin. Wata cibiya daban, ERCOT, ita ke daidaita wutar da ke gudana a babban layin da ke ɗauke da kusan kashi 90 cikin 100 na buƙatar jihar.

Ba duk jihar ce ta shiga tsarin ba. Biranen Austin da San Antonio suna da kamfanonin wuta mallakar hukumomin biranen, kuma mazauna can ba su da zaɓin dillali. Haka lamarin yake a yankunan karkara da dama da ke ƙarƙashin ƙungiyoyin gama-kai. Saboda haka abu na farko da mai ƙaura ke bincikawa shi ne ko adireshin sabon gidansa yana cikin yankin gasa.

Ranar shiga gida

Kowane gida a yankin gasa yana da lambarsa ta musamman da ke haɗe da mita, wadda ba ta canzawa ko mutum nawa suka shiga suka fita. Mai ƙaura zai shiga shafin intanet na Power to Choose, wanda hukumar PUCT ke gudanarwa, ya rubuta lambar yankinsa, sai ya ga jerin tayin dillalai, wani lokaci fiye da ɗari. Idan ya zaɓi ɗaya, ya ba da adireshi da shaidar ko shi wane ne da ranar da yake son a kunna, dillalin zai aika wa kamfanin waya umarni. Da yake mitocin zamani ne da ake sarrafawa daga nesa, sau da yawa wuta kan iso a ranar ko washegari, ba tare da wani ya hau turke ba.

Akwai cikas ɗaya da kan kama baƙo. Dillali yana duba tarihin mutum na biyan bashi kafin ya amince ya riƙa ba shi wuta ya biya a ƙarshen wata. Wanda ya iso ƙasar kwanan nan ba shi da irin wannan tarihi, sai a nemi ya ajiye kuɗin jingina. Ƙa'ida ta iyakance jinginar: ba za ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin da aka ƙiyasta zai biya a shekara ba, ko jimlar ƙiyasin wata biyu masu zuwa, duk wanda ya fi yawa. Ana mayar masa da kuɗin idan ya yi wata 12 a jere yana biya a kan lokaci. Wanda ba ya iya ajiye jingina yana iya ɗaukar tsarin iya kuɗinka iya shagalinka, wanda 'yan Najeriya suka riga suka saba da shi.

Batun bashin tsohon mai haya shi ma an yi masa hanya. Idan wanda ya bar gida yana da bashin da ya yi yarjejeniyar biya a hankali bai kammala ba, ko an kama shi da taɓa mita, ana iya ɗora takunkumi a kan lambar gidan domin hana shi gudu zuwa wani dillali. Sabon mai haya da ya tarar da takunkumin ba a ce ya biya ba. Zai cike takardar shaidar cewa shi sabon shiga ne, ya haɗa da yarjejeniyar haya ko takardar sayen gida, sai a ɗage. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa: bashin yana bin wanda ya sha wutar zuwa duk inda ya koma.

Inda gizo ke saƙar

Kunna wutar ba ta da wahala. Wahalar tana wajen zaɓen kwantiragi. Akwai mai tsayayyen farashi na wata 12 ko 24 ko 36, wanda ke ɗauke da tara ga wanda ya fita kafin wa'adi. Akwai mai farashin da dillali ke iya sauyawa kowane wata. Akwai mai alƙawarin wuta kyauta da dare ko a ƙarshen mako, wanda ke fanshe asararsa ta tsawwala farashin rana. Akwai kuma mai ba da rangwame idan gida ya sha wani adadi a wata.

Domin rage ruɗani, hukumar ta wajabta wa kowane dillali ya fitar da takardar bayanin farashi mai fasali iri ɗaya, wadda ke nuna matsakaicin kuɗin kowane yunit ga gidan da ke shan yunit 500 da 1,000 da 2,000 a wata, tare da tsawon wa'adi da tarar fita. Yunit a nan shi ne wanda aka sani a mitar Najeriya, wato kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya.

Dillalai ba su daɗe ba suka gano yadda za su yi wasa da wannan takarda. A ɗauki misali don a gane dabarar. Dillali ya sa yunit a kan santi 20, amma ya ce duk gidan da ya sha yunit 1,000 a wata za a rage masa dala 100. Wanda ya sha 1,000 cif zai biya dala 100, wato santi 10 kowane yunit, kuma wannan ne adadin da zai fito a talla ya hau saman jeri. Wanda ya sha 990 bai cancanci rangwamen ba, sai ya biya dala 198. Iyalin da ke zaune a ƙaramin gida, waɗanda ba sa kai yunit 1,000 sai a tsakiyar zafi, za su shekara suna biyan ninkin abin da suka gani a talla. Araha ba ta ado.

Tarko na biyu yana ƙarshen wa'adi. Dole ne dillali ya sanar da mai gida a rubuce kafin kwantiragi ya ƙare, kuma mutum yana iya sauya sheƙa a cikin kwana 14 na ƙarshe ba tare da tara ba. Wanda ya yi sakaci sai a mayar da shi tsarin wata-wata, wanda galibi ya fi tsada. Wanda zai bar gidan gaba ɗaya ba ya biyan tarar fita idan ya nuna shaidar ƙaura.

Abin lura shi ne, tsarin yana saka wa mai ilimi da lokaci da haƙurin kwatanta takardu, yana kuma cin tsoho da baƙo da wanda aiki ya yi wa yawa. A 2021 jaridar Wall Street Journal ta wallafa binciken da ya nuna cewa gidajen da ke yankin gasa sun biya kimanin dala biliyan 28 fiye da abin da za su biya da a ce an caje su farashin tsoffin kamfanonin jihar, tun daga 2004. Masu goyon bayan tsarin sun soki yadda aka yi lissafin, suna masu cewa mai bincike da kyau yana samun farashin da ya gaza matsakaici, kuma Texas ta zama kan gaba a Amurka wajen samar da wuta daga iska. Duka ɓangarorin suna da abin kamawa. Haka kuma yawan sunayen da ke kan jeri yana iya yaudara, domin manyan kamfanoni biyu, NRG da Vistra, su ne suka mallaki da dama daga cikin fitattun dillalan.

Darasin Fabrairun 2021

A tsakiyar Fabrairun 2021 wani matsanancin sanyi ya sauka a Texas. Bututun gas da injinan tashoshin wuta suka daskare a daidai lokacin da kowa ya kunna na'urar ɗumama ɗaki. Da yake babban layin jihar ba shi da cikakken haɗi da sauran sassan Amurka, ba a iya shigo da wuta mai yawa daga maƙwabta ba. Gidaje da wuraren sana'a fiye da miliyan 4 suka shiga duhu, wasu na kwanaki, kuma hukumomin lafiya na jihar sun ƙidaya mutum 246 da suka rasu.

A waɗannan kwanaki farashin sari ya tsaya a ƙololuwar da doka ta amince da ita a lokacin, dala 9,000 kan kowane megawat na awa ɗaya, wato dala 9 kowane yunit, alhali gidaje sun saba biyan kusan santi 12. Wanda ke da kwantiragi mai tsayayyen farashi bai ji wannan kai tsaye ba, dillalinsa ne ya ɗauki asarar. Amma wani kamfani mai suna Griddy, mai abokan ciniki kimanin 29,000, tsarinsa shi ne ya karɓi dala 9.99 a wata ya miƙa wa mai gida farashin sari yadda yake. A kwanakin lafiya wannan ya zo da sauƙi ƙwarai. A makon sanyin, gidan da ya sha yunit 60 a rana ya tara bashin dala 540 a ranar kaɗai, kuma wasu sun wayi gari an cire musu dubban daloli daga asusun banki.

ERCOT ta kori Griddy daga kasuwa a ƙarshen watan, kamfanin ya ayyana karyewa a watan Maris, kuma wata yarjejeniya da ofishin babban lauyan jihar ta sauke wa abokan cinikinsa bashin da ba su biya ba. Majalisar dokokin jihar ta haramta sayar wa gidaje irin wannan kwantiragi, aka kuma sauko da ƙololuwar farashin sari zuwa dala 5,000. Su kuwa abokan cinikin dillalin da ya rushe, ƙa'ida ta tanadi kamfanin da zai karɓe su nan take domin kada wutarsu ta yanke.

Birtaniya ta ga makamancin haka a shekarar. Da farashin gas ya yi tashin gwauron zabo, ƙananan dillalai fiye da ashirin suka durƙushe, har da Bulb mai abokan ciniki fiye da miliyan ɗaya da rabi, wanda gwamnati ta karɓi tafiyar da shi na ɗan lokaci. Wani ɓangare na kuɗin gyara ɓarnar ya dawo kan takardun biyan wutar jama'a.

Sai kuma Yulin 2024, lokacin da guguwar Beryl ta afka wa Houston ta kayar da bishiyoyi da turaku, gidaje da shaguna fiye da miliyan 2 da ke kan wayar CenterPoint suka rasa wuta, wasu har fiye da mako guda cikin tsananin zafi. Wanda ya zaɓi dillali mafi kyau da wanda ya zaɓi mafi muni duhu ɗaya suka kwana, domin waya ɗaya ce ke shiga gidajensu.

Inda Najeriya ta tsaya

Najeriya ta daɗe a kan hanyar sauyi. Dokar 2005 ce ta wargaza NEPA ta kafa NERC, kuma a ranar 1 ga Nuwamban 2013 aka miƙa kamfanonin samar da wuta da na rarrabawa ga 'yan kasuwa, gwamnati ta riƙe kamfanin TCN mai manyan layuka. A Maris ɗin 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da gyaran tsarin mulki da ya bai wa jihohi ikon samarwa da rarraba wuta har a wuraren da babban layin ƙasa ya kai, wanda shi ne ginshiƙin dokar da ta biyo baya.

Sai dai cefanarwa daban, zaɓi daban. Kamfanin rarraba wuta a Najeriya shi ne mai waya, shi ne kuma mai sayarwa. Wanda ya kama gida a Kano ko Katsina ko Jigawa yana hannun KEDCO. Na Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara yana hannun Kaduna Electric, na Abuja da Nasarawa yana hannun AEDC. Ƙa'idar 2017 da ta ba da damar sayen wuta kai tsaye daga mai samarwa ta tsaya ne kan manyan masu amfani kamar masana'antu. Ko a jihohin da suka karɓi ragama, abin da aka fara yi shi ne a umarci tsohon kamfanin ya kafa reshe na musamman ga jihar, ya nemi lasisi daga sabuwar hukuma. Mai sa ido ya canza, amma mai kawo takardar biya shi ne na jiya da sabon suna.

Abin da ke yanke farashin mai ƙaura a Najeriya shi ne layin da gidansa yake kai. An kasa layukan gida biyar: rukunin A mai alƙawarin awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A ranar 3 ga Afrilun 2024 aka ɗaga farashin rukunin A daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya ya sauka zuwa 206.80, ya sake hawa zuwa 209.50 a watan Yuli. Iyalin da ke shan yunit 300 a wata za su biya naira 62,850 kafin harajin VAT, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya tsaya a naira 70,000. A tsohon farashin, wannan wuta ba ta wuce naira 20,400 ba. Ma'aikacin da ya biya kuɗin hayar shekara bai tambayi rukunin unguwar ba ya sayi kifi a ruwa.

Gwajin farko na ikon jihohi a kan farashi ya zo daga Enugu. A Yulin 2025 hukumar jihar ta umarci kamfanin MainPower ya sauko da rukunin A daga kimanin naira 209 zuwa 160. Kamfanonin samar da wuta, waɗanda a lokacin ke cewa suna bin bashin tiriliyoyin naira, suka yi ca a kan matakin, NERC kuma ta ja hankali cewa jihar da ke shan wuta daga babban layin ƙasa dole ta biya farashinta na sari ko ta cike giɓin daga aljihunta. Ma'anar wannan a fili take: jihar da ba ta samar da wutar kanta ba ta da cikakken iko a kan abin da mutanenta za su biya. Aba, inda kamfanin Geometric ya gina tasharsa aka ƙaddamar a Fabrairun 2024 domin bai wa ƙananan hukumomi tara wuta, ita ce ta fi kusa da tsayawa da ƙafarta.

Arewa ta riga ta ɗanɗana irin abin da Houston ta gani. A Oktoban 2024, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da kuma matsalar da ta samu layin Ugwuaji zuwa Apir, jihohin Arewa da dama sun shafe fiye da mako guda cikin duhu. Masu niƙa da walda da sayar da ƙanƙara suka tafka asara. Babu wata hukumar jiha ko sabon dillali da zai iya hana hakan matuƙar hanyar da wutar ke bi ba ta da madadi.

Abin da mai ƙaura zai yi kafin ya biya haya

Tunda ba shi da zaɓin kamfani, kariyar mai ƙaura a Najeriya tana cikin binciken da zai yi kafin ya miƙa kuɗi ga dillalin gida. Ya fara da mita. Idan ta kati ce, ya ɗauki lambarta ya sayi wutar kuɗi kaɗan, domin rasit ɗin kan nuna ko ana cire wani kaso a matsayin biyan tsohon bashi, da kuma farashin da ake caza. Idan babu mita, ya nemi takardar biya ta ƙarshe, ya san cewa tun Fabrairun 2020 NERC ta ɗora iyaka a kan abin da za a iya cazar gida da ƙiyasi.

Idan ya ga bashi, ya rubuta wa kamfanin takarda kafin ya tare, ya haɗa kwafin yarjejeniyar haya da hoton mita a ranar shiga, ya karɓi shaidar cewa an karɓa. Sanar da kamfani irin wannan bashi yana cikin nauyin da NERC ta ɗora wa abokin ciniki, kuma matsayin hukumar shi ne ba a tilasta wa sabon mai haya biyan wutar da wani ya sha. A aikace, wanda ba shi da takarda a hannu shi ke shan wahalar tabbatar da hakan.

Ya kuma sa ƙwararren mai gyaran wuta ya duba ko an zagaye mitar. Daga Janairun 2025 tarar zagaye mita ta koma naira 100,000 ga mai layi ɗaya da 200,000 ga mai layi uku a laifin farko, kuma wanda aka tarar a gidan shi ake fara tuhuma. Idan unguwar tana rukunin A, ya tambayi maƙwabta awa nawa suke samu, domin ƙa'ida ta ce layin da ya kasa cika alƙawari kwana bakwai a jere a sauke shi zuwa rukunin da ya dace da shi. Sayen taransfoma da turaku kuma nauyin kamfani ne, ko da yake unguwanni da yawa sun gaji da jira suna haɗa kuɗi.

Ƙarshe, ya san inda zai kai ƙara. Ana farawa da sashen ƙorafi na kamfanin, idan kwana 15 na aiki suka wuce babu mafita a wuce ofishin sauraron ƙorafi na NERC. A jihohin da suka karɓi ragama, irin su Neja da Kogi da Filato, hukumar jihar ce ta gaji wannan aiki, abin da masu ƙaura da yawa ba su sani ba.

Abin da ya rage wa jihohi

Sauƙin da sabon mai gida ke samu a Texas bai fito daga yawan dillalai ba. Ya fito ne daga abubuwan da aka shimfiɗa a ƙarƙashin gasar: kowane gida da mitarsa da lambarsa, bashi yana bin mutum, farashi a rubuce cikin fasali ɗaya, ga kamfanin da zai karɓi jama'a idan dillali ya faɗi, ga hukumar da ke hana yanke wuta sai an ba da sanarwar kwana 10, ta kuma hana yankewa a ranakun tsananin zafi ko sanyi. Duk da waɗannan, sai da aka yi asarar rayuka da dukiya kafin a toshe wasu ramukan.

A Najeriya kusan rabin masu rajista da kamfanonin rarraba wuta ba su da mita, duk da shirin sayen mita na 2018 da shirin rabawa kyauta na 2020. Ba a yin gasa a kan hajar da ba a aunawa. Jihar da ta kafa hukuma ta naɗa kwamishinoni, amma ba ta san gida nawa ke da mita ba, ba ta da ofishin da mai shago zai shiga da ƙafarsa ya shigar da ƙara, ta ƙara wa jama'a ofis ne kawai.

Majalisun dokokin jihohin Arewa da ke duba ko gyara dokokinsu na lantarki suna da damar rubuta waɗannan kariya tun daga farko: a hana haɗa sabon gida sai da mita, a raba bashin tsohon mai haya da na sabo cikin wa'adin da aka ƙayyade, a wallafa jerin layuka da awannin da kowanne ya samu duk wata, a kuma fitar da bayanin farashi da Hausa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na ƙwadago, waɗanda mambobinsu ne za su biya kuɗin, su ne suka fi cancanta su halarci zaman jin ra'ayin jama'a su nemi a sanya su a cikin dokar.